Yadda ake zaɓen madubin hangen nesa da yadda ake kallon tsuntsaye da namun daji da shi

Tambayar da aka fi yi wa mutum in an gan shi da madubin hangen nesa rataye a wuya a garin nan na Jos ita ce, "Malam, kilomita nawa yake hangowa?" To daga wannan tambayar ake fara asarar kuɗi. Ai idonka ma haka kawai yana hango wata da dare, alhali tsakaninmu da shi ya haura kilomita 380,000, ka ga kenan ba nisa ba ne abin tambaya. Abin tambaya shi ne, in ɗan tsuntsun da bai cika tafin hannu ba ya sauka a reshe, ya ba ka daƙiƙa 3 ko 4 kafin ya yi gaba, za ka iya kamo shi cikin madubin, ka gan shi tangaran, ba tare da rawar hannunka ta ɓata hoton ba? Duk bayanin da zan yi a nan kan wannan yake.

Kuma mu mutanen Jos gaskiya ba mu da uzuri. Ga dajin Amurum nan a Laminga, kilomita 15 ko makamancin haka daga cikin gari, inda cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI take tun 2001, an ƙirga tsuntsaye fiye da iri 300 a ɗan wannan dajin kawai, alhali Najeriya gaba ɗaya iri 900 da wani abu take da su. Ga duwatsun Shere, ga dam ɗin Lamingo, ga gandun namun daji na Jos, in ka samu hali ga Yankari nan a Bauchi, ga Pandam ta can kudancin Filato. Wurin kallo bai yi mana ƙaranci ba, abin kallon ne ake saya ba daidai ba.

Fara da lambobin da ke jikinsa

Kowane madubi za ka ga an rubuta masa lamba 2 da alamar sau a tsakani, 8x42, 10x50, 10x25, haka dai. Ta farko ita ce yawan jawowa. In 8 ce, abin da yake mita 80 daga inda kake zai zame maka kamar yana mita 10. Ta biyun kuma faɗin gilashin gaba ne da milimita, wato ƙofar da haske yake shiga. Shikenan, babu wani sirri bayan wannan.

Inda mutane ke faɗawa rami shi ne tunanin cewa in lambar farko ta fi girma to kaya ya fi kyau. Ba haka ba ne fa. Madubin da ya jawo tsuntsu sau 20, haka zai jawo rawar hannunka sau 20, da numfashinka, da bugun zuciyarka in ka hau dutse kana haki, sai ka ga hoton yana ta tsalle ba ka iya tantance ko bakin tsuntsun ja ne ko baƙi. Sannan yawan jawowa yana ƙuntata filin da kake gani. Mai 8x42 yawanci yana nuna maka faɗin mita 120 zuwa 140 a nisan mita 1000, mai 10x42 kuma ya sauko wajen 100 zuwa 115, in aka ce 16 ko 20 kuwa sai dai ka yi ta lalube a cikin ganye, kafin ka samo reshen tsuntsun ya daɗe da tafiya. Wannan faɗin filin ana rubuta shi a jikin madubin ko a kwali, ka duba shi, wanda ya fi faɗi ya fi wa ɗan koyo sauƙi.

Akwai wani ɗan lissafi da ya kamata ka iya yi a tsaye gaban mai kaya. Raba lamba ta biyu da ta farko. 42 a raba da 8 ya ba ka 5 da ɗan ɗori, wannan shi ne faɗin hasken da zai fito ya shiga idonka da milimita. 10x42 zai ba ka 4.2, shi kuwa ɗan ƙaramin nan na aljihu 10x25 sai 2.5 kacal. Me ya sa ya dame mu? Saboda ƙofar ƙwayar idon mutum da rana tsaka tana tsukewa zuwa milimita 2 ko 3, amma da asuba da kuma gab da magariba tana buɗewa ta kai 5, ga matashi har 7, kuma waɗannan lokutan su ne daidai lokacin da dabbobi da tsuntsaye suke fitowa. Shi ya sa ɗan na aljihun zai burge ka da ƙarfe 12 na rana a bakin shago, amma ka shiga da shi ƙarƙashin bishiyoyin kwazazzabon Amurum da ƙarfe 6 na safe sai ka ga duhu-duhu kawai.

Ni dai shawarata guda ce, ka sayi 8x42. In ba ka son nauyi, ko na mace ne mai ƙaramin hannu, ko za a riƙa yawo da shi kan duwatsu, 8x32 ma ya wadatar, shi nauyinsa wajen rabin kilo ne, wancan kuma giram 600 zuwa 800. Kar ka raina wannan bambancin, bayan awa 3 a wuya za ka san da shi. Mai 10x42 yana da ranarsa, in kallonka ya fi yawa a fili ne, bakin dam ko cikin mota a Yankari inda gwanki zai tsaya can nesa, kuma hannunka ba ya rawa. Amma a matsayin na farko, 8. Mai 10x50 da 7x50 suna da haske sosai, sai dai nauyi, ka bar wa masu kallon taurari da matuƙa jirgin ruwa. Yara kuma a nema musu 6x30 ko 8x30, saboda manyan ba sa naɗewa su kai kusancin idanun yaro.

Waɗanda za ka wuce ko da an yi maka ragi

Akwai waɗanda ake shimfiɗawa a tebur a bakin titi tare da tocila da agogo, haka kuma sun cika shagunan intanet, za ka ga an rubuta 60x60 ko 80x80 ko wata lamba mai ban tsoro irin 20-180x100, an yi musu fentin kakin soja, gilashin gaban ja jawur yana ƙyalli. Ka sa ruler ka auna gilashin da aka ce 60 ne, da ƙyar zai kai 35. Lambar ado ce kawai. Jan fentin nan kuma ba ganin dare yake sa wa ba kamar yadda masu talla ke faɗa, hasken ja yake mayarwa waje, shi ya sa komai yake komawa kore-kore ko shuɗi-shuɗi a ciki, kai kuma da kala kake gane tsuntsu. Masu zum, wato waɗanda ake ja ana ƙara girman hoto, su ma ka ƙyale su, filinsu ƙunci ne da shi kuma saitinsu saurin gocewa yake. Haka wanda aka ce ba ya buƙatar fokas, ba ya ganin abu na kusa, ba namu ba ne.

Ta wajen ƙira iri 2 ne. Akwai mai kafaɗa, wanda gilasan gabansa suka fi na ido warewa, irin na da, ana ce masa Porro. Akwai kuma mai miƙaƙƙen bututu wanda ya fi yawa yanzu. In kuɗinka kaɗan ne ƙwarai, mai kafaɗa na kamfanin kirki ya fi ba da hoto mai kyau a kan farashi ɗaya, don haɗa shi ya fi sauƙi. Mai miƙaƙƙen bututu kuma ya fi daɗin riƙo, ya fi jure wahala, kuma shi aka fi samu a toshe ruf yadda ruwa da ƙura ba sa shiga. A garin da ake tafka ruwa daga Afrilu har Oktoba, sannan hunturu ya zo da ƙurarsa, wannan toshewar ba ƙaramin abu ba ce. Ka nemi wanda aka rubuta cewa ruwa ba ya shigarsa kuma an cika cikinsa da iskar naitirojin, shi ba ya yin gumi daga ciki in ka fito da shi cikin sanyin Disamba. A kwalin kuma ka duba BaK-4, sunan gilashin ciki ne mai kyau, da FMC, ma'ana duk gilasan an yi musu shafen da ke hana haske ɓacewa.

Maganar kuɗi, da dala zan faɗa don naira ba ta zama wuri ɗaya. Tsakanin dala 100 zuwa 300 ana samun wanda zai yi maka shekaru, daga irin su Nikon, Vortex, Celestron, Bushnell da Kowa. Su Swarovski da Zeiss da Leica manyansu suna haura dala 2000, suna da kyau ba musu, amma ba su za su koya maka kallo ba. In kana da ɗan'uwa mai dawowa daga waje ka roƙe shi ya taho maka da shi, in kuma ta intanet za ka saya to ka tabbata wurin da ake karɓar kaya in an mayar ne. Na hannu ma ba laifi, wani tsohon na Japan ɗin da za ka tsinta a gwanjo ya fi sabon bogi sau nawa, amma fa sai ka gwada.

Gwaji a gaban mai kaya

Kar ka ji kunya, kar kuma ka bari a hanzarta ka da "Alhaji ai sabo ne dal a leda". Ka ce a fito da shi waje.

Da farko ka girgiza shi a hankali kusa da kunnenka. In ka ji wani abu yana ƙwal-ƙwal a ciki, ajiye. Sai ka juya shi ka haska tocilan wayarka ta gilashin gaba ka leƙa ciki, kana neman ƙura, tsaga, ko wani farin zare-zare da ya yi rassa a jikin gilashi, wannan fumfuna ce, tana cin shafen gilashin kuma ba ta fita da goge. Daga nan ka miƙa hannunka da madubin ka fuskanci sararin sama, ban da wajen rana, ka kalli gilasan ido daga nesa, za ka ga ɗigon haske a tsakiyar kowanne. Ya zama zagayayye cif, mai haske har gefe. In ka ga gefunansa sun yi inuwa ya koma mai kusurwa 4, gilashin ciki mai araha ne, in kuma wani gefen ya gutsure to wani abu ya goce.

Sai babban gwaji, wanda in ya faɗi shi komai kyansa kar ka saya. Bututun nan 2 dole su kalli wuri ɗaya daidai. Ka nemi wani miƙaƙƙen layi a kwance can nesa, wayar lantarki ko bakin kwanon wani bene, ka saita shi ya fito garau, sai ka riƙa janye madubin daga fuskarka a hankali har ya kai kamar faɗin tafin hannu, idanunka duka a buɗe. Layin da ke gilashin dama da na hagu su haɗu su zama layi ɗaya. In ɗaya ya hau sama ɗaya ya sauka, ya taɓa faɗuwa ko kuma haka aka haɗo shi. Idonka zai yi ta ƙoƙarin haɗa hoton da ƙarfi, minti 10 sai ciwon kai da jiri, kuma da yawa masu cewa madubi yana sa musu ciwon kai wannan ce matsalar, ba idonsu ba.

Ka murza tayar fokas ta tsakiya daga ƙarshe zuwa ƙarshe, ta tafi sumul, ba tauri ba sako-sako. Ka gwada abu mafi kusa da zai iya nunawa garau, in ya kai mita 2 ko 3 madalla, don wata rana tsuntsun a gabanka zai sauka, ga kuma malam-buɗe-littafi da ƙadangaru masu kala. In kana sa tabarau ka gwada da shi a fuskarka, ka ga ko kana ganin da'irar gaba ɗaya. Akwai lambar tazarar ido a kwali, mai tabarau ya nemi milimita 16 zuwa sama.

Saita shi da idonka, wannan ne mutane ke tsallakewa

Ka kawo shi gida, kafin komai ɗaura masa igiyarsa, ka rage tsawonta yadda zai zauna a ƙirji ba a ciki ba, in ya yi ƙasa da yawa lilo zai riƙa yi yana dukan duwatsu in ka sunkuya. Kuma daga yau doka ce, in yana hannunka igiya tana wuyanka, haka duk wanda ya ce "ɗan ba ni in gani" sai ka rataya masa tukuna.

Sai robar bakin ido. In ba ka sa tabarau, murɗo su su fito waje. In kana sawa, mayar da su ciki. Mutum zai yi ta ganin baƙin abu yana gilmawa a hoto yana zargin madubi, alhali robar ce kawai ba a jawo ba.

Bayan nan ka kama bututun 2 ka riƙa naɗewa kana warewa a gaɓar tsakiya, kana kallo, har da'ira 2 su haɗe su zama guda ɗaya zagayayya. Wancan hoton mai da'ira 2 manne da juna da ake nunawa a fim ba haka ake gani ba, in kana ganin haka to ba ka saita ba.

Yanzu sai dayofta. Idanun mutum da wuya ƙarfinsu ya zo ɗaya, shi ya sa aka sa wani zobe, yawanci a gilashin ido na dama, mai alamar + da - da sifili a tsakiya. Ka samu allon talla ko lambar mota mai rubutu a nisan mita 30 zuwa 50. Rufe gilashin gaba na dama da murfinsa ko da tafin hannu, kar ka runtse ido, runtsewa tana matse ƙwayar idon ta ɓata awon. Da idon hagu kaɗai ka murza tayar tsakiya har rubutun ya fito tar. To daga nan kar ka sake taɓa tayar. Mayar da murfin kan gilashin gaba na hagu, ka kalli rubutun nan dai da idon dama, ka murza zoben dayofta kaɗai har shi ma ya fito tar. Buɗe duka biyun. Za ka ji idonka ya saki, hoton ya yi zurfi, har ka riƙa bambance abin da ke gaba da na baya. Ka duba inda alamar ta tsaya ka riƙe a ka, ko ka ɗiga mata ɗan fenti, don duk wanda ya ara sai ya murɗa ta. Sau ɗaya ake wannan, daga nan tayar tsakiya kawai za ka riƙa aiki da ita.

Yadda ake kamo abu

Ga inda gwani ya bambanta da ɗan koyo, kuma ba kuɗi ke sayensa ba. Ɗan koyo in ya hango tsuntsu sai ya sunkuyar da kai ya dubi madubin, ya ɗauko, ya kafa a ido, sannan ya fara yawo da shi cikin bishiya yana nema. Ba zai samu ba. Yadda ake yi shi ne, ka kafa wa tsuntsun ido, kar ka ɗauke, kar ka motsa kai, hannunka ya lalubo madubin da kansa ya ɗago shi ya shigo tsakanin idonka da tsuntsun. In ka yi daidai sai ka gan shi tsakiyar da'ira, yatsanka manuni dama yana kan taya, ɗan murzawa kaɗan shikenan.

Wannan sai da maimaici. Ka zauna a tsakar gida ko bakin ƙofa da yamma, ka zaɓi wani mangwaro guda a bishiya, ko kan eriya, ko fitilar saman ƙarfen sabis, ka kalla, ka ɗaga, ka sauke, ka sake zaɓen wani. In hannu ya fara sabawa sai ka koma kan masu motsi, kurciya a kan waya, hankaka, shirwa tana shawagi, balbela a bayan shanu. Ka kuma haddace ɓangaren da tayarka take juyawa in za a zo kusa da in za a tafi nesa, don kamfanoni ba su daidaita a kan wannan ba. Wata dabara kuma, kafin ka ɗaga ka lura da wata alama kusa da tsuntsun, reshe mai baki biyu ko busasshen ganye, in ka ɓata sai ka bi gindin bishiyar ka hau har wurin.

Riƙo da hannu 2, gwiwar hannu a manne da haƙarƙari, ba a ware ba. In da bishiya ko dutse ka jingina, in za ka daɗe ka zauna ka ɗora gwiwar hannu a kan gwiwar ƙafa. Mai hular hana sallah zai iya haɗa bakin hular da madubin ya riƙe tare, yana rage rawa sosai. A mota kuwa ka roƙi direba ya kashe inji, in ba haka ba karkarwar motar za ta hana ka ganin komai.

Kuma kar ka riƙa yawo da madubi manne a fuska kana neman abin kallo. Ido da kunne su ne masu nema, madubi tabbatarwa yake. Tsaya cak, ka saurara, ka bar idonka ya kama motsi.

Gargaɗi guda wanda ba wasa a ciki: kar ka kuskura ka kalli rana da shi, ko na ƙiftawar ido, yana iya ƙona ido har abada. In kana bin shaho a sama ka ga ya nufi wajen rana, sauke. A ja wa yara kunne a kan wannan tun kafin a miƙa musu.

Fita ta farko

Ka fita da sassafe, daga fitowar rana zuwa wajen ƙarfe 9 ko 10, ko kuma bayan la'asar. Da rana tsaka tsuntsaye sun shige inuwa, ga kuma tururin zafi da ke tashi daga ƙasa yana sa hoto rawa, madubi kuma ƙara girman rawar yake. Ka tsara tafiyarka rana tana bayanka, da safe ka fuskanci yamma kenan, in ba haka ba duk tsuntsun da ka gani baƙi zai zame maka. Ranar da hazo ya sauka sosai a Janairu kar ka zargi kayanka, babu madubin da ke huda hazo, sai dai ka nemi na kusa. Kaya kuma ka sa masu duhun kala, ruwan ƙasa ko kore ko toka, farar shadda tana tona asiri tun daga nesa, amma ka guji mai zanen kakin soja, wannan jawo wa kai magana ne. Rigar sanyi dole, kowa ya san asubar Jos.

In ka kamo tsuntsu kar ka yi saurin sauke madubi ka ɗauko waya. Kalle shi har ya tafi. Girmansa, ya kai kurciya ko bai kai ba? Bakinsa gajere ne mai kauri irin na masu cin tsaba, ko siriri mai lanƙwasa irin na masu shan ruwan fure? Jelarsa, ƙafarsa, ina kalar take, me yake yi, a ƙasa yake ko a sama? Sannan ka rubuta. Manhajar Merlin tana taimakawa wajen gano suna, eBird da BirdLasser kuma na ajiye abin da ka gani ne, da BirdLasser ɗin ake tattara bayanan taswirar tsuntsayen Najeriya da aka fara a 2015, ka ga kallonka ma zai yi wa bincike amfani.

Abin da zan so kowane ɗan Jos ya nema da sabon madubinsa shi ne baiwar Allah ta dutse. Kowa ya san baiwar Allah ta gida, 'yar ja ɗin nan mai tsince-tsince a tsakar gida. To tana da 'yar'uwa a cikin duwatsun nan namu wadda sai a 1998 masana suka tabbatar wa duniya cewa iri ce daban, kuma a nan Filato aka gano ta. Da ido kawai ɗan jan abu za ka ga ya gilma tsakanin duwatsu. Amma ka zauna shiru kusa da inda ruwa ya ɗan taru a gindin dutse da rani, rana tana bayanka, in namijin ya sauko sha ka ɗago madubi a hankali, sai ka ga ashe bayansa ma ja ne har ƙasa, saman kansa toka-toka, bakinsa shuɗi-shuɗi ba ja irin na ta gida ba, ga wasu 'yan fararen ɗigo ƙanana a gefen ƙirji, gaba ɗayansa bai wuce santimita 10 ko 11 ba. Akwai kuma wani ɗan baƙin tsuntsu mai ƙyalli da ke zuwa ya saka ƙwansa a sheƙarta ta rene masa, har kukanta yake kwaikwaya. Ba za ka taɓa ganin waɗannan da 60x60 na bakin titi ba.

In za ka Amurum ka fara neman izini a cibiyar, ba wurin da ake faɗawa haka kawai ba ne, kuma in ka samu fita tare da masu kallon tsuntsaye na garin nan ka bi su, safiya ɗaya da wanda ya sani ta fi wata guda kai kaɗai. A Yankari rani ne lokacin, sanda dabbobi ke taruwa wajen kogin Gaji, ka zauna cikin mota ka bi maganar jagora. Amfanin madubin kenan ai, ka ga ɓauna ko giwa ko gwambaza ba sai ka matsa ba, in dabba ta daina kiwo ta ɗago kai tana kallonka to ka yi kusa da yawa. A sansanin Wikki kuma ka kula da gwaggon biri, sun saba da mutane kuma suna wawurar abin da aka ajiye, kar ka bar jakar madubi a kan tebur. Sheƙar tsuntsu ma daga nesa, kar a taɓa, kar a nuna wa yara masu danƙo.

Sai wata magana da littattafan Turawa ba za su gaya maka ba. A ƙasar nan, da yanayin da ake ciki, mutum riƙe da madubin hangen nesa abin zargi ne. Kar ka ɗaga shi kusa da bariki, ko shingen jami'an tsaro, ko filin jirgi na Heipang, ko gidan gwamnati, in a Abuja kake kuma ka nisanci wajen fadar shugaban ƙasa da shi, ka tafi tafkin Jabi abinka. Kar ka saita shi wajen gidajen mutane ko rafin da mata ke wanki, ko da kuwa tsuntsun yana kan katangar. In ƙauye ka je, fara da gaida mai unguwa ka faɗi abin da ya kawo ka, ka riƙe katin shaidarka, ka tambayi halin da wurin yake kafin ka shiga daji, kuma kar ka tafi kai kaɗai. In mutane suka taru suna kallonka, rataya wa dattijon cikinsu ya leƙa, yawanci daga nan zargi yake komawa dariya, har su fara nuna maka inda fakara ke kwana.

Kula da shi

Abin da ya fi kashe madubi a nan shi ne gefen riga. Ƙurar hunturu ɓarɓashin yashi ce, in ka goge ta a bushe da riga ko tishu daidai yake da ka goga wa gilashin sanfefa, shafen zai karce kuma ba ya gyaruwa. Ka juya gilashin ya kalli ƙasa, ka hure ƙurar da 'yar robar hura iska irin ta masu kyamara, ko ka kaɗe da burushi mai laushi, sannan ka huro masa tururin bakinka ka shafa a hankali da ƙyallen goge tabarau mai tsabta, daga tsakiya zuwa gefe. Ba kullum ba, sai in ya yi datti da gaske. Murfin gilasan ido ya zauna a jikin igiya, ka riƙa rufewa in ana yayyafi ko kana cin wani abu.

Da damina in ya jiƙe kar ka cusa shi cikin jaka ka zuge, ka goge jikinsa ka bar shi a buɗe a ɗaki ya sha iska ya bushe tukuna, jaka mai laima ita ce gidan fumfuna. 'Yan ƙullin nan masu tsotse laima da ake samu a kwalin takalmi ko na waya, ka tara ka jefa 2 ko 3 a jakar. Kar ka bar shi a gaban mota cikin rana, zafi yana narkar da man da ke cikin tayar ya kuma lalata robar. In a kan babur kake ka sa shi a jakar baya cikin tsumma, ba a akwatin da zai yi ta bugawa a gargada ba.

In kuwa tsautsayi ya sa ya faɗi ka ga hoto ya rabu 2, kar ka sa sukundireba, kar kuma ka kai wa mai gyaran waya ko agogo, daidaita bututun nan yana buƙatar na'urarsa daban, kuma da zarar an buɗe wanda aka cika da naitirojin iskar ta fita kenan. Ka fara duba takardar garantinsa, wasu kamfanonin irin Vortex suna gyarawa ko su canza ko da kai ka yar da shi, saboda haka rasit da kwali a adana su wuri ɗaya tun ranar da aka saya.